Akwatin Baba na Huɗu

Wuhan, 6 ga Maris, 1994

Yaya Guoting,

Bayan gaisuwa, tunda haka Baba ya koya mana buɗe wasiƙa, ina fatan Mama tana lafiya, da matarka Meifeng da yara. Taka lafiyar ba sai na tambaya ba, don marar lafiya ba ya ɗaukar akwati uku ya hau da su tudun maƙabarta.

Jiya wasiƙar Gwaggo Suzhen ta iso. A ɗakin malamai na karanta, na sake karantawa, sai da wata abokiyar aikina ta kama ni ta zaunar. Wai ranar da Baba ya cika kwana arba'in da tara da rasuwa, bayan kun ƙona masa kuɗin takarda da gidan takarda da rigunan takarda kamar yadda kowa ke yi wa mamacinsa, sai ka jawo akwatunan katunansa guda uku ka juye a wuta. Gwaggo ma yabonka take yi, wai ɗa na gari, wai harshen wutar ya kai tsayin mutum. Haba Yaya! Da hankalinka? Ka rubuto ka ce mini ƙarya take yi. Ka ce tsufa ne ya ruɗe ta, zan yarda, har haƙuri zan ba ka.

Shekara talatin da shida Baba yana wannan aiki. Ko ba ka iya karanta shi ba, ai ka gan shi da idonka. Kowace kalmar suna ta Turanci ya ɗauka sai ya bi ta ma'ana bayan ma'ana, kowace ma'ana da katinta: Turanci a gaba, Sinanci a baya, da jimlar misali, da kuskuren da yaranmu suka saba yi a wurin. Ba don kansa ya yi ba. Don yaran ƙasar nan ya yi, masu haddace kalma ɗaya da ma'ana ɗaya, su shiga jarrabawa su tarar kalmar ta sauya musu fuska, su fito suna kuka. Irinsu hamsin da huɗu ne a ajina yanzu haka.

Kuma a gabanka aka yi maganar. Ranar jana'iza Edita Nie, tsohon ɗalibin Baba, ya riƙe hannuna ya ce in kai masa katunan, kamfaninsu zai duba ya buga su littafi da sunan Baba, Malam Miao, a bango. Kana tsaye a gefe kana zuba wa baƙi shayi. Na juya na ce maka da dogon hutu zan zo in kwashe su. Ka ce to. Ashe wannan ne "to" ɗinka.

Gwaggo ta ce saura ɗaya, na huɗu, wanda ya tashi daga harafin S zuwa ƙarshe, wai yana ƙarƙashin gadon Mama kun manta da shi. To saurara da kyau. Kada ka taɓa shi. Kada ka buɗe shi, kada ka bar yaranka su wuce kusa da shi da ashana. Ka ɗaure shi da igiya ka ba direban motar Wuhan, ni zan tare shi a tasha. Rubu'in littafi ya fi babu, kuma shi kaɗai ya rage a duniya da zai nuna cewa Baba ya yi wani abu ban da shan ƙurar alli.

Raina a ɓace yake ƙwarai, ban taɓa jin haushin mutum kamar yadda nake jin naka yau ba. Ka amsa mini da motar farko.

A gaida Mama da kyau.

Ƙanwarka,
Shulan

Wuning, 12 ga Maris

Zuwa ga Malama Shulan ta birni,

Gaisuwa. Mama lafiya, tari ne kawai. Meifeng ta ce a gaishe ki. Ban so in rubuta gaisuwar ba, ita ta tsaya a kaina.

Gwaggo ba ƙarya ta yi ba. Ni na ɗauka, ni na hau da su, ni na zuba, kuma da sanda na riƙa juyawa don kada ko ɗaya ya tsira. Haƙurinki ki riƙe abinki, ban roƙa ba.

Kina tambaya ko da hankalina. Wannan hankalin dai shi ya yi jinyar Baba shekara biyu da wata uku. In niƙa waken suya, in dafa, in tace, in danne awara, in kai bakin gada in sayar, in dawo in ɗaga tsoho in wanke shi in sauya masa shimfiɗa. Ke kuma kina aiko da wasiƙa da gwangwanin madara. Madarar ma ba ya sha, gudawa take sa shi, yarana ne suka shanye. Kin zo jana'iza kin yi kwana uku, kin fi kowa kuka, kin gaisa da manyan baƙi, kin hau mota. Ranar arba'in da tara, ranar da mamaci ke barin gida ke nan har abada, ina kike? Wai an koma makaranta. To sannu da aiki.

Tunda ba kya nan, bari in gaya miki abin da ya ce. Saura kwana huɗu ya cika, bakinsa ya riga ya karkace, ya kama hannun rigata ya nuna akwatunan ya ce, "Ban gama ba. Kada ku raba ni da su." Sau biyu ya faɗa. Mama tana wurin, Meifeng tana wurin. Bai ce a kai wa Nie ba, bai ce a kai wa Shulan ba. In gaskiya kike so, sunanki ma bai fito ba ranar. To ke da kika yi karatu mai zurfi, faɗa mini: ta wace hanya ake kai wa mamaci kayansa in ba ta wuta ba? Ko akwai motar da ke zuwa can, ni ne ban san tasharta ba?

Shi kuma wannan Nie ɗin naki. Sau uku Baba yana rubuta masa a kan katunan nan, da ƙafata na kai wasiƙun gidan waya. Amsa ɗaya ta zo, katin barka da sabuwar shekara mai hoton kifi. Sai da mutum ya mutu ya zo da baƙar mota yana riƙe hannun mutane. An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce in gani a ƙasa.

Akwati na huɗu kuskurena ne, kuma muna shan wahalarsa. Tun ranar Mama ba ta da sukuni. Sau uku ke nan tana ganin Baba a mafarki cikin tsohuwar rigarsa ta zuwa aji, yana buɗe akwatuna yana rufewa, yana tambayarta ina sauran. An kai wa mutum aikinsa guntu, yaya za a yi ya kwanta? Ranar sharar kaburbura, biyar ga Afrilu, zan kai masa cikon. Na faɗa miki ne tun yanzu don kada ki ce an yi a bayan idonki.

Ni ba na jin Turanci. Kin sani, duk Wuning ta sani. Amma maganar da ubana ya yi mini da harshen da aka haife mu a ciki, wannan na ji ta sarai.

Ki zauna lafiya.

Yayanki mai awara,
Guoting

Wuhan, 18 ga Maris

Yaya,

Ina gaida Mama, a riƙa dafa mata citta saboda tarin. Ina gaida Meifeng, ita kaɗai ce mai tunani a gidan nan.

Maganar madara ta shige ni, in abin da kake so ke nan ka samu. Ka yi jinya, ban yi ba. Ba zan musa ba, kuma ba zan taɓa iya rama maka ba. Amma don ka wanke mutum shekara biyu ba shi ya ba ka ikon ƙona shekarunsa talatin da shida ba.

Kana cewa ka ji maganarsa. Wanda ya ce bai gama ba, so yake a gama masa, ko ɗan firamare ya san wannan. Kai dai ba ka san abin da ka zuba a wuta ba, bari in ba ka misali ɗaya ka ji. Kalmar hand, wadda muke koya wa yara tun makon farko cewa hannu ce, kati ashirin da uku Baba ya yi mata. Hannun mutum, kati ɗaya. Tsinken agogo mai nuna lokaci, su da wannan kalma suke kiransa. Leburan gona ko na jirgin ruwa, ita ce dai. Taimako, in ka ce a kama maka, ita ce. Rubutun mutum, ita ce. Kartar da aka raba wa ɗan wasa, tafin da ake yi wa mawaƙi, duk ita ce. Mu kuwa kowanne da kalmarsa daban, shi ya sa yaro ke tsayawa turus a kan takardar jarrabawa yana neman hannu a cikin agogo. Kowane ƙamus zai jera maka ma'anonin nan. Abin da babu a ko'ina shi ne nasa: ya san daidai inda ɗan Sin zai yi tuntuɓe, don ya ga dubunsu sun faɗi a wurin, ya rubuta a ƙasan katin da jan biro. Jimlolin misali kuma ba na London ba ne, na kasuwarmu ne da kogin garinmu da mutanen gidanmu, don yaro ya gane. Akwai ma'ana ɗaya da ya bar katinta fari shekara huɗu don bai yarda da ita ba, sai da ya tsince ta a wata tsohuwar jaridar waje da aka naɗo masa kwalbar magani a ciki. Ranar har rawa ya yi a tsakar gida, ina ganinsa. Duk wannan yanzu toka ne a kan tudu, ruwan sama ya wanke.

Ka tuna shekarar da masu jan ƙyalle a dantse suke bin gida-gida suna ƙona duk takardar da ke da rubutun waje? Sau biyu suka shigo mana, suka farke katifa, suka tona ƙasan murhu, ba su samu ba, don katunan suna cikin tulun tsimin kabeji. Samari goma sha biyu da sanduna sun kasa. Sai ɗansa na cikinsa ya zo ya ƙarasa musu aikin, har da juyawa da sanda. Tir!

Yanzu zo mu yi maganar al'adar da kake taƙama da ita, tunda ni ce ta birni da ba ta san komai ba. Gidan da ka ƙona wa Baba, na gaske ne? Na takarda ne da tsinken gora. Kuɗin fa? Ka buɗe aljihunka ka zuba cinikin awara a wuta? Ka taɓa ganin wanda ya cinna wa gidan ubansa wuta don uban ya samu wurin kwana a can? Tun kaka da kakanni kwaikwayo ake ƙonawa, na gasken ya zauna wa masu rai. Me ya sa sai a kan katunan ne kawai ka ga dole a ƙona na gaske? Ka zauna ka tambayi zuciyarka, ni na san amsar.

Ga abin da za a yi. Ka aiko mini da akwatin. Zan kwafe shi kati bayan kati da hannuna, ba zan tsallake ko ɗigo ba. Kafin bikin fatalwa na wata na bakwai a lissafinmu na gargajiya zan dawo maka da kwafin, ka kai tudu ka ƙona, ka juya da sandarka son ranka. Baba ya samu cikon aikinsa, yara su samu littafi. Wanda ya jira shekara huɗu a kan kati ɗaya ba zai kasa jiran wata biyar ba.

In ka ƙi wannan ma, to ba Baba kake yi wa biyayya ba.

Ina jiran mota.

Shulan

Wuning, 23 ga Maris

Shulan 'yata,

Ni ce uwarki. Meifeng ce ke rubutawa, na ce mata ta sa yadda na faɗa, kada ta zuba sukari. Ina gaida mijinki da jikata. Tarin ya yi sauƙi, ba cittarki ba ce ta yi aiki, dama ya kusa tafiya.

An karanta mini wasiƙarki. Yayanki ya ɓoye ta cikin aljihu, na sa aka zaro. Ke Shulan, yaushe bakinki ya yi tsawo haka? Yayanki kike haɗawa da waɗannan 'yan iskan da suka kakkarya wa ubanku haƙarƙari? Da kina kusa da kin sha mari, da girmanki da tabaraunki.

Kina ba da labarin tulu kamar kina wurin. Shekararki shida. Kin san wa ya sa katunan a tulu? Ubanki yana kulle a ɗakin ajiyar makaranta da allon laifi rataye a wuyansa. Ni na naɗe su cikin takardar mai, ni na danna su ƙasa na zuba kabeji a kai, ni na tsaya a bakin tulun ina ɗebo wa yaran nan tsimi su ɗanɗana. Da sun zurfafa hannu da yanzu ba ki da uwa. Kwalayen sigarin da yake yankawa ya yi katin, ni nake bi shago-shago ina roƙo. Zaren da ya ɗaure kowace kalma da shi, daga kwandon ɗinkina yake sata. Shekara talatin da shida ina kallon ƙeyar mutum. A kawo abinci ya huce, a ɗumama ya sake hucewa. Saboda haka kada wata ta zauna a Wuhan ta koya mini darajar katunan nan.

Kuma bari ki ji abin da wawan yayanki ya ɓoye miki. Ni na ce a ƙona. Shi ya ce a jira Shulan. Kwana biyu yana bina yana cewa a jira Shulan, har ya durƙusa. Na ce in bai ɗauka ba zan goya su a bayana in hau tudun, in na faɗi na mutu a haɗa mu. Shi ne ya ɗauka. Ya rubuta miki wai shi ne, don kada ki zagi uwarki. To ga ni, zage ni.

Na san mutumin nan fiye da ku duka. In ba shi da katunansa ba zai zauna a can ba, zai yi ta zirga-zirga, kuma kaina zai riƙa zuwa. Na gaji. Ina so ya zauna ya yi aikinsa, ni ma in huta.

Amma maganarki ta kwafi ba ta banza ba ce, ko mahaukaci yakan faɗi gaskiya wata rana. Na je wurin tsohon da ke kula da ɗakin kakanni na tambaye shi. Ya ce kwafi yana isa, in dai jininsa ne ya rubuta da hannu, kuma ba a rage kalma ba. To ga hukuncina, kuma ba na son ƙari. Akwatin ba zai bar gidan nan ba, don abin da ya tafi Wuhan ba ya dawowa, har 'ya'ya. Ranar ma ba za ta matsa ba, na riga na kunna turare na yi wa ubanki alkawarin biyar ga wata, ba zan zama maƙaryaciya a gaban mamaci ba. Duk katin da aka kwafa kafin ranar, kwafin ya tafi wuta, na gasken naki ne. Wanda ba a kwafa ba, shi zai tafi da kansa.

Meifeng ta duba, sun ɗan haura dubu biyu. Ke da hannunki ke gudu a Turanci, kwana goma sun ishe ki ki ci rabi ko fiye. Mota yini ɗaya ce. Gadonki yana nan, na sa an shanya bargo. Ki zo.

Uwarki

Shulan, ni ce Meifeng, wannan nawa ne, Mama ba ta sani ba. Yayanki ya sayo farin kwali ya yayyanka. Da ya dawo daga bakin gada sai ya wanke hannu ya zauna a teburin Baba yana kwafa. Rubutun Baba a haɗe yake kamar taliya, shi kuma zanawa yake yi yadda ya gani, kati ɗaya sai ya ci masa rabin awa wani lokaci. Kada ki ce na gaya miki. Don girman iyaye ki zo.

Wuhan, 28 ga Maris

Mama, da Yaya,

Ina gaishe ku duka da ladabi. Mama, ba zan zage ki ba, ban isa ba. Abin da kika yi a bakin tulu ban sani ba sai yanzu, na yi kuka da na karanta. Yaya, maganar masu jan ƙyalle na janye ta. Sauran ban janye ba.

Amma ku dubi abin da kuke yi mini. Kun ɗaure aikin Baba a bakin wuta kun ce in zo ko ku tura. Wannan ba kira ba ne, jan akuya ne da igiya. Ajina na shekarar ƙarshe ne, jarrabawar gwaji daga biyu zuwa huɗu ga wata, ni ce mai tsara ta, ni ce mai gyara ta. Na je wurin shugaban makaranta, bai ma ɗago kai ba, ya ce in na tafi kwana goma zai ba wani ajin, kuma ba zai dawo mini da shi ba. Yara hamsin da huɗu, saura wata uku su shiga jarrabawar da za ta yanke musu rayuwa. Baba da kansa da zazzaɓi yake shiga aji, ku tambayi kanku me zai ce in na watsar da su na taho.

Kuma wane irin hukunci ne wannan, kati dubu biyu a kwana goma? Ba a fafe gora ranar tafiya. Aikin nan ba na gaggawa ba ne, harafi ɗaya ya karkace kalma ta lalace. Na ji an ce wani ya fara zana su kamar mai zanen fure a jikin kwano. A ce masa ya bari, kada ya ɓata ido a banza, kuma kada ya kwance ɗaurin zaren ya hargitsa mini jerin. Da hannun da ke matsar awara ba a kwafar ƙamus.

Mama, turare ba ya ƙarewa a kasuwa. Wadda ta kunna ta ce biyar ga Afrilu za ta iya sake kunnawa ta ce wata na bakwai, Baba ba zai kai ƙararki ko'ina ba. Na san ku. Kun yi na farko cikin zafin mutuwa, amma yanzu da kowa ya san abin da ke cikin akwatin, babu wanda zai iya ɗaga hannu ya zuba shi a wuta da rana tsaka. Barazana ce, kuma ba za ta yi aiki a kaina ba. Na rubuta wa Kawu Laifu ya zo ya yi miki magana, in ba kya jin ta 'yarki ai kya ji ta yayanki. Na kuma gaya wa Edita Nie ya sa ran akwatin a watan Yuli.

Zan zo da dogon hutu kamar yadda na faɗa tun farko, da ƙafata, ba da igiya ba.

A huta lafiya.

'Yarku,
Shulan

Wuning, 6 ga Afrilu

Shulan,

Gaisuwa. Mama lafiya, ta ce tun jiya hankalinta ya kwanta.

Kawu Laifu ya zo ranar Lahadi, ya ci taliya kwano biyu, ya ce ƙanwarsa ta fi shi gaskiya, ya koma. Mama ta sa an ɗauke bargonki daga igiya ranar huɗu ga wata da yamma.

Jiya mun share kabarin, mun zuba giya, mun ƙona.

Direban motar Wuhan ta jibi yana da ƙunshi naki. Kati ɗari uku da sittin da ɗaya ne, na gaske, rubutun Baba, a jerinsu, ban kwance miki zare ba sai da na sa alama. Su ne hannun matsar awara ya iya kwafa. Nawa sun tafi wuta a madadinsu. Sauran dubu ɗaya da ɗari bakwai da wani abu sun tafi da kansu. Wannan karon Mama ba ta ce mini komai ba, ni na zuba.

Kada ki ce lokaci ne ya ƙure mini, ba zan yi miki ƙarya sau biyu ba. Hannuna ya fara sabawa, da na ci gaba da na ƙara miki ɗari. Gaban katin ba na ganewa, amma bayan Sinanci ne, ina karantawa. Ranar biyu ga wata na kai kan kalmar kunya. Kati shida ya yi mata. Na biyar, misalin da ya rubuta wa yaran ƙasar nan su haddace shi ne: "Abin kunya ne a ce ɗan malami yana sayar da awara a bakin gada." Da kwanan wata a ƙasa, shekarar da ya kwanta, lokacin ina wanke shi.

Na kwafe shi tsaf, gaba da baya, ban rage ɗigo ba. Daga nan na rufe biro. Saura kwana uku a lokacin.

Shi ne na ƙarshe a ƙunshin. Ki kai wa Nie ya buga.

Ki zauna lafiya. Ba sai kin amsa ba.

Guoting